Barewar da Na Yanka a Kudancin Makka

Mahaifina maharbi ne a wani ƙauye gabas da Damagaram, a bayansa na koyi duba sawu tun ina ƙarami. Da na zo Umara na zauna, wannan sani ya zama ba shi da amfani, don a cikin iyakar Harami ko tantabara ba a razana ta. Na yi shekaru ina tura tsofaffin alhazai a keke daga unguwar Misfala zuwa masallaci. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, matata ma haka, 'ya'yanmu mata biyu da aka haifa a ɗakinmu na Hindawiyya ba su da takardar kowace ƙasa. In aka kama ni aka kai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ni kaɗai za a saka a jirgi, su uku su zauna ba mai kawo musu ko burodi.

Shekarar da bayana ya riƙe, na yi wata huɗu ban fita aiki ba. A lokacin ne wani mai shagon turare a Utaibiyya ya aiko a kira ni. Kakansa mutumin garinmu ne da ya zo Hajji a ƙafa, shi kuwa haifaffen nan ne, ɗan ƙasa, Hausarsa rabinta Larabci. Yana kirana Kawu, ni ina ce masa Maigida duk da na girme shi.

Ya samu ruksa, wato lasisin farauta, bayan ya sha wuya. Sai da ya yi wa bindigarsa ta iska rajista, ya cika bayanai a jawwal, wato wayar hannu, aka dawo masa da su wai takardar bindigar ta ƙare, ya sabunta, ya sake jira. Da ruksar ta fito ya je daji sau uku bai dawo da ko gashin tsuntsu ba.

"Kawu, an ce kai ƙasa tana yi maka magana," in ji shi. "Ni wallahi da na sauko daga mota, tsuntsayen sai su tafi hutu."

Na tambaye shi ko ni ma za a ba ni irin wannan takarda. Ya juyo mini jawwal ɗin ya nuna gurbin farko, inda ake saka lambar shaidar ɗan ƙasa. Ban sake tambaya ba.

Ya karanta mini dokokin. Tsuntsaye kaɗan ne aka yarda a harba, a lokacinsu, kuma ba a wuce adadin da aka yanke. Ba raga, ba tarko, ba kusantar gari ko gona. Barewa kuwa ba a taɓa ta ko da wane lokaci ne, tararta tana iya cinye shagon mutum. Lokacin na fara zuwa ajin koyon karatu bayan la'asar, sai na rubuta sunayen tsuntsayen da sauran dokokin a bayan kwalin shayi, yana jira har na gama. Aikina in nuna masa wuri, kada in taɓa bindiga. Na ce na ji.

Fita biyu muka yi lafiya, ya samu kurciyoyi, ni na samu abin kai wa gida. A ta uku muka yi asuba muka nufi kudu, muka bar iyakar Harami da nisa, muka shiga wani kwari mai ƙaya. A bakin kwarin mun hango motar masu tsaron daji tana tafiya can nesa. Ni dai na zame ƙasan kujera har ta ɓace.

Da hantsi na ga sawun. Kofato ne sirara guda biyu-biyu, irin wanda rabona da gani tun a gida. Na bi shi ba don komai ba, ƙafata ce ta bi. Bayan wani dutse akwai tsohon shingen waya da ya faɗi, a cikinsa barewa take kwance. Wayar ta naɗe mata ƙafar baya ta karya ta, ƙashi a waje, wata ta shige mata ciki. Daga yadda ta tone ƙasa na san tun jiya take nan. Harshenta ya bushe, idonta ya fara yin fari, numfashi yana fita ɗaya-ɗaya.

A gidanmu ba a tsayawa a kalli dabba tana zama mushe. Ko ba kai ka harbe ta ba, ko ba za ka ci ba, kana juya ta alƙibla ka yanka, ka hutar da ita. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na zaro wuƙar da muke yanka kurciya da ita, na juya wuyanta arewa, inda alƙibla take daga nan, na yi bismilla. Sai da jini ya gama zuba na ɗago kai, na ga Maigida a tsaye, bindiga ta kusa faɗuwa daga hannunsa.

"Kawu! Me ka yi? Ya Allah, me ka yi?"

"Mutuwa za ta yi."

"To ta mutu da kanta mana! Da hoto kawai zan ɗauka in kira masu tsaron daji. Yanzu wa zai yarda waya ce? Ga wuya a yanke, ga bindiga, ga sawun motata tun daga titi!"

Na ce mu binne ta. Muka gwada da ƙarfen taya, ƙasar tafin hannu ɗaya ce, ƙarƙashinta dutse. Na ce mu sa ta a mota mu jefar can gaba. Ya ce in aka tsayar da mu da barewa a mota, da mutum marar iƙama a kujera, shi kurkuku, ni jirgi. Na ce mu tafi mu bar ta. Ya ce hanyar fita ɗaya ce, sun ga motarsa tana shigowa, ungulu kuma za su nuna musu wurin kafin azahar.

Na durƙusa na kama ƙafarsa. Ban taɓa yi wa wani ɗan Adam haka ba. Na ce ya dubi Allah ya dubi yaran nan, babbar ba ta san hanyar ko'ina ba sai ta shagon burodi. Ban san me nake roƙonsa ya yi ba, roƙo dai nake.

"Tashi, Kawu, aib ne. Tashi, kana sa kaina ya ƙara juyawa."

Ya yi ta kai da komowa, sannan ya tsaya ya miƙo hannu. "Ba ni wuƙar. Ni na yanka. Ni kaɗai na zo."

Ya ɗauki hoton wayar da karayar ta kowane gefe. Ya shafa jini a hannun rigarsa yana yamutsa fuska. Sai ya dube ni. "Ni fa ko kaza ban taɓa yankawa ba. In suka ce yaya na yi?"

Na nuna masa inda ake dafa gwiwa, da yadda hannun hagu yake kama haɓa. Ya durƙusa a inda na durƙusa don gwiwarsa ta bar shaida. Ni kuma na karyo reshe na koma har gindin mota, na riƙa tahowa da baya ina share sawuna, ina barin nasa. Inda reshen ya bar layi na barbaɗa yashi da hannu. Na san a cikin masu tsaron akwai 'yan ƙauyen da su ma ƙasa take yi wa magana.

Ya ba ni gorar ruwa ɗaya. "Bi kan duwatsu, kada ka hau titi. Zan ba ka awa guda sannan in kira. Kashe jawwal ɗinka."

Na hau dutse da bayan da ko sunkuyo ba ya so. Ban yi nisa sosai ba na hango ƙurar mota tana shiga kwarin, na kwanta a ƙarƙashin wani falalen dutse har rana ta karkata. Ruwan ya ƙare kafin la'asar, na yi taimama na yi salla a zaune. Wajen faɗuwar rana na faɗa kan wata hanyar ƙasa, wani mai ɗaukar tumaki ya tsaya, ya dube ni bai tambayi komai ba, ya nuna mini bayan motar. A cikin tumakin na shigo Makka.

Kwana tara ban fita ba. Maigida bai kira ba, ni kuma ina tsoron kira. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai yaran su dube ni. A kwana na uku matata ta haɗa mini jaka, riguna biyu da maganin baya, ta ajiye bayan ƙofa, don wanda aka zo ɗauka ba a ba shi lokacin shiri. Ba ta yi mini faɗa ba. Sau ɗaya kawai ta ce, "Malam, kai da ka rubuta dokar da hannunka."

A na goma na kasa haƙuri, na bi lunguna na je Utaibiyya. Yana cikin shago yana ƙulla wa wata mata turaren wuta. Sai da ta fita ya yi mini magana, bai ce in zauna ba.

Ya ce masu tsaron dajin sun karɓe bindigar, sun dakatar da ruksar, maganar tara tana gaban kwamiti. Hotunan sun taimaka, amma ba a gama ba. Ya ce wani dattijo a cikinsu ya daɗe yana duba wuyan barewar, ya zagaya wurin yana kallon ƙasa, sannan ya ce masa, mai sayar da turare, a ina ka koyi yanka mai kyau haka?

"Me ka ce masa?"

"Na ce a wurin babana, ranar layya."

"Ya yarda?"

"Bai yarda ba. Ya dube ni, ya dubi duwatsun, sannan ya rubuta yadda na faɗa." Ya tura mini ledar shinkafa da ƙafa. "Ɗauki wannan. Kada ka sake zuwa nan sai na aiko, Kawu. Suna iya kirana kuma."

Da na koma gida matata ta dubi fuskata, ta dubi ledar, ta tambaya ko ta kwance jakar. Na ce ta bar ta a ɗaure tukuna.