Wutar da Aka Sa wa Ƙafar Baba

Har yau ba na gaida Baffa, ƙanen mahaifina, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mai zuwa yi mini wa'azin zumunci ya yi ya gama ya tashi.

Kututture ne ya soki Baba a ƙwauri yana aikin shinkafa a fadamar Argungu. Aka yi wata da watanni ana shafe-shafe, ciwon ya rufe ya buɗe, har ya fara wari. Da kyar na ɗauko shi zuwa Birnin Kebbi inda nake koyarwa. Likita ya duba hoto ya ce ƙwayoyin cuta sun shige cikin ƙashi, allura kaɗai ba ta cika cim musu ba. Za a haɗa da wata 'yar na'ura, a manna wayoyi a fata, ta riƙa bugawa kaɗan-kaɗan kamar tafiyar tururuwa. In an dace, ƙafar ta tsira daga yanka.

Da Turanci ya yi bayani, ni na mayar da Hausa. Na ce za a riƙa sa wa ƙafar wuta. Haka kowa ke faɗa, an kawo wuta, an ɗauke wuta.

Baba na kwance yana fama da zazzaɓi. Baffa kuwa, da ya biyo mu asibitin, ya gyaɗa kai kamar shi ya koya wa likitan aiki. Mutumin nan bai taɓa yarda akwai abin da bai sani ba. Ranar Litinin ina aji ya lallaɓa Baba, ya sa shi mota, sai Argungu.

Kafin in isa an kira wanzami, ya gasa kibiya ya yi sakiya wuri uku. Tun daga zaure na ji ƙaurin nama.

"Ke da bakinki kinka ce wuta," in ji Baffa, ko a jikinsa. "In wuta ta, mi za mu zamna yi Birni? Mu ma muna da ita gida."

Na gaya masa maganganun da ɗiya ba ta gaya wa uba, a gaban jama'a, kuma ban janye ko ɗaya ba.

Bayan mako biyu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da Baba ya farfaɗo bai ambaci ƙanensa ba. Ya daɗe yana kallon inda mayafi ya lotsa, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, wai wace wuta ta likita yac ce?"

Na ce lantarki. Ya ce to.