Gwarzon Wata na Burkusuma

Na daɗe ina yawon tallan irin shuka da takin zamani wa wani kamfani kafin aka ce na isa in riƙe mutane. Aka tura ni kwas na mako guda a Kaduna, a wani otal mai sanyin da sai da ya sa mini mura. Can aka koya mana shugabanci da majigi. Abin da ya fi zauna mini a kai shi ne maganar wata malama: ka yabi ma'aikacinka a bainar jama'a, ka yi masa faɗa a ɗaki. Na rubuta, har na ja layi biyu a ƙasa.

Na dawo garin Isa da takardar shaida da wakilai goma sha ɗaya a ƙarƙashina, warwatse daga Gatawa har bakin iyaka. Aikina in horar da su, in haɗa kansu, in aika rahoto Sakkwato duk ƙarshen wata, kuma rahoton nan ya fi ban ruwan rani cin rai. Wakilan kuwa, duk wanda ka tambaya yaya kasuwa sai ya ce da godiya, ya ja bakinsa. Ni ɗan birni ne, duk Juma'a nake hawa bas in koma gida, sai na ɗauka rashin wayewa ne ke damunsu.

Wanda ya fi kowa aiki wani dattijo ne na Burkusuma da ya kusa haihuwata. Wani tsohon babur gare shi, sai an tura yake tashi. Kayanmu a tsofaffin buhunan gero yake juye su, hular kamfani kuwa ban taɓa ganinta a kansa ba. Manoma sun yarda da shi, makiyaya ma haka, don yana jin Fillanci. Amma ranar taro can baya yake zama, in an zo kan ƙoƙarinsa sai ya kawo zancen damina.

Na ce to, ga inda zan gwada karatuna. Na rubuta Sakkwato cewa mu fara zaɓen gwarzon wata, suka yi murna, har suka ce a ba na farko sabon babur mai fentin kamfani. Labari ya kai ga dattijon cewa shi na zaɓa, ya tsare ni bayan sallar azahar, ya jira har masallaci ya watse.

"Yallaɓai, don Allah ka bar ni yadda ni ke," in ji shi. "Wajenmu yanzu, wanda anka sani shi aka nema."

Na yi dariya, na ce Baba, Bagobiri guda da tsoron hoto? Na kawo masa duk abin da na haddace a Kaduna. Ya saurara har na gama, ya ce to. Na san da 'yan bindiga, wa bai sani ba? Na dai san su ne kamar yadda mai wucewa a mota ya san su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ga mai ɗakin a gabana yana nuna mini, ni ina karanta masa takarda.

Ranar kasuwar Isa muka yi bikin, da rumfa da lasifika. Na buga hotonsa a ƙyalle, na kira sunansa da na garinsu sau uku don kowa ya ji. Sauran wakilai suka tafa kamar an sa su dole, na ce hassada ce. Sakkwato suka yaba hotunan ƙwarai.

Bayan mako uku sai ga babur ɗin a bayan wata akori-kura, lulluɓe da tamfol, dattijon na zaune kusa da shi. Ya ce wata baƙuwar lamba ta kira shi. Mai maganar ya gaishe shi da kyau, ya yi masa murnar babur, ya tambayi lafiyar iyali, ya kashe waya. Washegari ya kwashe iyalinsa zuwa gidan wani ɗan'uwansa a nan Isa, ya bar gero a gona ya kai gwiwa. Bai ɗaga mini murya ba, da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Wata na gaba aikin kowa ya ja baya. Mutum goma, kowa na ƙoƙarin kada ya zo na ɗaya. Na gaji da kira, na gaji da taro, na cire ƙyallen da hannuna. Amma rahoton bikin ya riga ya yi tafiyarsa, kuma da shi aka ƙara mini girma. Yanzu ni ke horar da shugabannin wakilai a Sakkwato, shafin malamar nan yana cikin majigin har yau. Na nemi a cire shi, aka ce in cike fom. In na zo kansa nakan ba da labarin nan, su rubuta, wasu ma su ja layi.

Bara na bi ta tashar Isa, na ga dattijon ya kasa albasa a kan buhu. Kunya ta kama ni. Shi ya taso, ya kama hannuna ya ja ni bayan wata bas, ya duba dama da hagu, sannan ya rage murya.

"Na ji an ƙara maka girma. Allah shi sanya alheri, ɗana. Ban hwaɗa ma kowa ba."