Kofi Mai Jan Zare

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta su, amma akwai wata Lahadi ta Jibin Ubangiji da ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma ina jin da ita zan koma. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Yawancinsu sun riga mu tafiya, kuma idan akwai mai laifi a labarin, ni ne na farko.

A cikin shekarun saba'in ne, ba da daɗewa ba bayan an daina fam an koma naira. Na gama jami'a, ina koyarwa a wata sakandare a Kafanchan, kowace Asabar kuma sai in hau keke in tafi ƙauyenmu, inda matata take zaune da mahaifiyata saboda tana da cikin fari. Ni ne na fara yin digiri a ƙauyen, don haka aka naɗa ni sakataren ikilisiya ba tare da an tambaye ni ko ina so ba. Tarihi na karanta, amma a ganin mutanenmu wanda ya je jami'a ya san komai, daga ciwon akuya har rikicin gona. Duk takardar Turanci da ta shigo garin, hannuna take zuwa. Kullum a gajiye nake, kuma kullum ina tsoron kada in faɗi abin da zai zama kuskure a ce ni na faɗa.

A daminar wannan shekara, lokacin noman citta, wata mata ta dawo gida. Sa'ar mahaifiyata ce. A da ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, ita ce kuma mai kaɗa tulu. Kuturta ta kama ta, aka kai ta asibitin mishan, ta yi shekara bakwai a can. Mijinta ya rasu tana can. Ta dawo yatsunta sun gajarce, da takardar sallama naɗe a gefen zane. Mutane suka yi ta zuwa yi mata barka, amma daga bakin ƙofa. A majami'a benci guda aka bar mata a baya, ita kaɗai, ko da yara suna zaune a ƙasa don rashin wuri.

Matsalar ta taso ne da Jibin Ubangiji ya matso, ranar da masu baftisma ke cin gurasa su sha kofi tare. A ikilisiyarmu kofi ɗaya muke sha, babban kofin silba, da ruwan zoɓo a ciki. Dattawa ne suke farawa, sai sauran maza, sannan kofin ya tsallaka ɓangaren mata, yana bi hannu zuwa hannu, in ya ƙare a ƙara. Haka muka taso muka tarar. Yanzu ga mai baftisma ta dawo, tana da hakkin sha kamar kowa.

Dattawa suka zauna bayan sujada, ni ina rubutawa. Baba Fasto, wanda tsufa da ciwon ƙafa suka riga suka cinye, ya miƙo mini takardar sallamar ya ce in karanta. Na karanta sau biyu. Likita ya rubuta a fili cewa an gama yi mata magani, cutar ta mutu a jikinta, ba za ta shafa wa kowa ba. Wani dattijo mai babbar murya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ce, "To Malam, bar Turanci. Za ta shafa mana ko ba za ta shafa ba?"

Amsar tana hannuna. Amma matata nake gani a raina, da cikin nan nata, tana karɓar kofin. Sai na ce, "Bisa ga abin da aka rubuta, da alama babu haɗari. Sai dai ni ba likita ba ne, kuma ba a rasa abin da ilimi bai gano ba tukuna."

Dattijon ya kwashe da dariya. "Kun ji ko? Mun aika yaro jami'a shekara uku, ya dawo mana da 'da alama'. Ko kakata ta san da alama."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma kalmar nan ce ta ba tsoronsu wurin tsayawa. Lahadi uku muna zama a kan magana ɗaya, muna fitowa da yunwa da ciwon kai. Wasu suka ce in ta sha, matansu ba za su zo ba. A zama na uku, don dai a huta, na kawo shawarar da na ɗauka ta hikima ce: a saya mata nata kofin, a ɗaura masa alama. Baba Fasto ya daɗe yana kallona. "Ɗana, tebur ɗaya, kofi biyu?" Na sunkuyar da kai ina gyara biro. Ya sake tambaya, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce in rubuta.

Ni na sayo kofin a kasuwar Kafanchan. Ranar Asabar da yamma ina zaune a tsakar gida ina ɗaura masa jan zare a mariƙi, mahaifiyata ta fito da faifan acca. Ta tambaye ni da yarenmu na mene ne, na yi mata bayani dalla-dalla, yadda nake yi wa ɗalibai. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Lokacin da na haife ka na kwanta wata biyu, nonona ya ƙafe. Ka san nonon wa ka sha?" Ban sani ba, ba wanda ya taɓa gaya mini. Ta ce, "To yanzu ka sani. Ɗaura da kyau, mai digiri, kada ya kwance." Ta wuce abinta. Zan so in ce na yar da kofin a lokacin. Ban yar ba. Kwamiti ya riga ya yanke, kuma ni na rubuta da hannuna.

Ranar Lahadi aka tashi da yayyafi, yana buga kwanon majami'a har muryar Baba Fasto ba ta kaiwa baya sosai. Ya yi addu'a a kan gurasa da kofi. Babban kofin ya fara zagaya maza. Ni aka ba wa ƙaramin, na ɗauke shi a kan faranti na bi tsakiya har bencin baya. Tafiyar ba ta kai taku ashirin ba, amma na ji kamar daga Kafanchan na tako.

Ta dubi kofin, ta dubi zaren, sannan ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. Ta ce a hankali, "Malam, na gode, mayar da shi. Shekara bakwai ina sha ni kaɗai. In haka ne, da na yi zamana a can." Ta fara tattara zanenta za ta tashi. Na san in ta fita ƙofar nan ba za ta sake shigowa ba, kuma na tsaya kamar gunki da faranti a hannu.

Ban ga tasowar mahaifiyata ba, sai dai na ji an ɗauke kofin. Ta zauna a bencin nan da ba mai zama, kafaɗa da kafaɗa, ta ce, "Yaya, zauna. Ina za ki cikin ruwan nan?" Ta riƙe mata kofin a baki, don yatsun ba sa kama mariƙi. Matar ta kurɓa. Mahaifiyata ta juya kofin daidai inda bakin ya taɓa, ta sha. Sannan ta miƙa wa matar da ke bencin gaba, ta ce da Hausa, da ƙarfi don kowa ya ji, "Yesu bai ji ƙyamarmu ba. Karɓi."

Matar ta karɓa. Daga nan kofin ya fara tafiya daga baya zuwa gaba. Da ya ƙare, Baba Fasto ya taho yana ɗingishi, ya ɗauki babban kofin ya juye sauran zoɓon duka a cikin ƙaramin da kuma butar da ake ƙari da ita, ya kife babban a kan tebur. Na ga kofin ya isa hannun matata. Ta dube ni ido cikin ido, ta dafa cikinta da hannu ɗaya, ta sha.

Sai kofin ya tsallako daga mata zuwa maza, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka gina majami'ar. Rabin maza ba su sha ba tukuna. Baba Fasto bai yi wa'azi ba, cewa kawai ya yi, "'Yan'uwa, ƙaunar Allah cikakkiya ce. Inda ta cika, tsoro ba ya samun wurin zama. Ba dole, amma kofi ke nan." Kada in ƙara gishiri: mutum uku sun miƙa shi gaba ba su sha ba, ɗaya ma ya fita. Dattijon jirgin ƙasa ya riga ya sha a babban kofi, amma ya miƙa hannu ya ce, "A ba ni. Mata ba za su bar ni a tasha ba." Ya sha, ya goge baki, ya miƙo mini. "Malam, wannan ba da alama ba ne."

Na karɓi kofin, ga zaren da na ɗaura ya jiƙe da zoɓo. Takardar likita tana aljihuna a lokacin, na san abin da ke cikinta kalma da kalma, kuma ba ta hana ni tsoro ba. Na tuna nonon da na sha ban san komai ba, ban tambayi kowa ba. Na sha. Daga baya sai na ji an ɗaga waƙa, muryar da aka yi shekara bakwai ba a ji ba, ta dushe amma ba ta ɓata ba. Wata ta tura mata tulu, ta kaɗa da tafin hannu.

Gaskiya ita ce tsoron bai bar ni a rana ɗaya ba. Na yi watanni ina duba fatar hannuna a ɓoye, har aka haifi 'yarmu lafiya, har matar nan ta zo ta yi mata wanka. Ba wanda ya kamu da komai. Da ƙaramin kofin aka ci gaba da Jibi shekaru da yawa, ba wanda ya kwance zaren, har ya koɗe ya tsinke da kansa.

Har yau ni mutum ne mai yawan "da alama", ina jin haka zan mutu. Amma na koyi abu ɗaya da ba na sa masa wannan kalma. Sanin gaskiya kaɗai bai cire mini tsoro ba, don na san ta sarai na kuma ɗaura zare. Ƙaunar Allah ce ta cire shi, kuma ta zo mini ta hannun matan da ba su iya karanta takardar ba. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji ina neman wata dabara mai kyan gani don in nisanta wani, sai in tambayi kaina ko kofi na biyu nake shirin saya.