Kuncin Mama na Hagu

A shagon gyaran jiki, Mai Dutse ake ce mata, har abokan aikinta sun manta sunanta na yanka. Dutsen kuwa ɗan falle ne mai santsi, bai kai tafin hannu ba, irin wanda ake tausa fuska da shi. Takan tsoma shi a ruwan ɗumi, ta tsane da tawul, ta ɗora a tsintsiyar hannunta ta ji zafinsa tukuna. Sannan ta shafa mai a fuskar, ta riƙa jan dutsen a hankali daga haɓa zuwa kunne. Ba ta bi ta kan ƙurji, ba ta danne ƙarƙashin ido. In wata mai rawar kai ta ce a ƙara zafi, sai ta ce, "Haba Hajiya, fuska ce fa, ba guga nake ba."

Ana nan hawan jini ya kayar da mahaifiyarta. Ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace. Likita bai hana tausa ba, amma bai yi alkawarin komai ba. Ita kuwa ta ƙudurta a ranta sai ta maido wa Mama fuskarta. Kullum ta tashi daga shago sai gidan yayanta, inda tsohuwar ke kwance a ɗakin baya.

"An zo yi wa amarya kwalliya ke nan?" in ji Yaya. Ko kallonsa ba ta yi.

Takan zauna a bakin gado ta ja dutsen. "Mama, kina ji?"

"Ina ji, 'yar nan. Da daɗi," in ji Mama, harshe na sarƙewa.

Wannan amsar ce ta riƙe ta wata da watanni. A ganinta, kuncin da ke jin ɗumi bai mutu ba.

Rannan ta iso a gajiye liƙis, ta tsiyayi ruwa daga filas ta tsoma dutsen. Ashe yanzun nan aka juye tafasasshen ruwa a filas. Ta ciro dutsen da tawul, ba ta gwada a hannunta ba, ita da ke yi wa kowa wa'azin gwaji. Ai in ya yi zafi Mama za ta faɗa.

"Kina ji?"

"Da daɗi."

Sai da tawul ɗin ya zame yatsanta ya taɓa dutsen, ta yi wurgi da shi. Kuncin ya yi jawur, fata har ta fara tashi. Ta ruga ta jiƙo tsumma da ruwan sanyi ta ɗora. Mama kuwa ko gezau, kallonta kawai take.

Nan ta gane, wani baƙin ciki da ya fi na ƙunar ya kama ta.

"Mama, ba ki ji ba?"

Mama ta kawar da kai.

"Tun yaushe ba kya ji?"

"Tun ranar da na faɗi."

"To don Allah me ya sa kike ce min da daɗi?"

Mama ta miƙo hannun dama, mai lafiyar, ta kama bakin mayafinta ta riƙe gam.

"In na ce ba na ji, me zai riƙa kawo ki kullum?"