Jakar da Kaka ta rina

Har yau in na ji warin bagaruwa Kaka nake tunawa, kuma ba da daɗin rai ba. Uwar babana ce, ɗiyar dukawa, a wani ƙauye kusa da Illela. Maza ke ɗinkin fata a gidanmu, amma rini nata ne, ba mai taɓa mata tukwane. Tafin hannunta ja ne wur saboda karan dafi, sabulu ma ya gaji ya ƙyale shi.

In sanyi ya shigo, gero ya shiga rumbu, da an idar da isha'i sai mu jikoki mu tara kara a tsakar gida mu hura wuta. Lokacin idonta ya fara tafiya, da hannu take laluba kawunanmu ta san wa ya zo. Sai ta ce, "To, ga ta nan ta taho. Wanda ya yi gyangyaɗi, shi tambayi kaji da safe."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta fatun akuya biyu, ya da ƙanwa, da aka kai gidan baduku. Babbar ta yarda aka shafe ta da mai, aka dirje ta da ruwan karan dafi da toka, a shanya a inuwa, a sake dirzawa, har jan ya ratsa ta ciki da baya. Ta fito ja mai duhu, ba wani ƙyalli. Ƙaramar ta ce ita kam ba ta iya wannan azaba. Ta sulale wurin ƙadangare ta roƙe shi ya sam mata irin jan kansa. Ya shafa mata a baya, ta dawo tana walƙiya, ranar kasuwa ita aka fara ɗauka.

Dukansu zabira aka ɗinka da su, fatake biyu suka rataya wa jakunansu. Rana ta doke su, ruwa ya doke su, ga gumin jaki. Babbar sai ƙara duhu da laushi take. Ƙaramar kuwa ta tsattsage a duk inda ake lanƙwasa ta, jan yana zuba ɓarɓashi, fari yana leƙowa. Mai ita ya yar da ita a hanya, kare ya ja ta.

Na ce, "Kaka, ƙadangaren fa?"

"Yana bisa katanga yana gyaɗa kai. Shi mi ya dame shi, ƙawata?"

Daga nan sai ta jawo guntun fata, ta lashi babban yatsa ta danna. "Ku duba. Wadda ta sha rini tana shan yawu. Wadda anka shafa ma launi bisa, an rufe mata baki, yawun tsayawa yakai."

Shekarar da na ci jarrabawar shiga kwalej a Birnin Ƙonni, Kaka ta riga ta bar rini, tururin tukunya yana sa idonta zubar ruwa. Amma ta sa aka fito da tukwanen. Ta rina fata ɗaya da lalube, tana sansana ta, tana murza ta tsakanin yatsu, Baba ya ɗinka mini jakar littattafai. Ita ce fata ta ƙarshe da ta rina. Na rungume ta a bayan motar siminti daga Malbaza har Ƙonni, ina jin ba wanda ya kai ni.

Sati ɗaya ya ishe ni. Ƴan matan ajinmu jakunkunan Najeriya ke gare su, masu ƙyalli, har kana ganin fuskarka. Wata ta toshe hanci ta ce jakata warin akuya take, a tambaye ni ina na bar garken. Aka sa dariya. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Akwai wani mutum a bakin kasuwa mai yi wa takalma fenti. Na kai masa. Ya jujjuya jakar ya ce, "Yarinya, wannan aikin hannu ne fa." Na ce ya yi mata kawai. Ya kankare fuskarta da wani abu mai kaushi don fentin ya kama, ya shafa ja mai haske. Kwana nawa ina yanga da ita. Kafin hutu ta fara tsagewa a bakin marfi da gindin maratayi, fentin yana ɓarewa yana tafiya da fuskar fatar.

Da na koma gida, ban ko ajiye kaya ba Kaka ta miƙo hannu. "Kawo ƙawar tawa in gaishe ta." Ta shafa jakar, hannun ya tsaya.

Na yi sauri na ce, "Zafin Ƙonni ne, Kaka."

Ta lashi yatsa ta danna, ta jira, ta shafa wurin. "Dije, wa ya rufe mata baki?"

Ta miƙo mini ita da hannu biyu. Da yamma yara suka hura wuta, ta ce kanta na ciwo. Na ji daga baya ta ci gaba da yi musu tatsuniya, amma ba ta ƙara yi ina zaune ba, kuma ba ta ƙara ce mini ƙawata ba. Damina ta biyu ta rasu ina can lakwal, wato makaranta.

Na daɗe ina jin haushinta. Shekarata goma sha uku, haba! Da ta zage ni, da ta tsinka mini mari, da ya wuce. Har yanzu haushin bai gama sakina ba, ko da yake na san nawa laifin ya fi.

Jakar tana ƙasan akwatina. A cikin marfinta akwai wurin da burushin mutumin bai kai ba, ya yi duhu ya yi laushi, in na danna yatsa har yau yana shan yawu. Da ina yarinya na ɗauka haƙuri Kaka ke koya mana. Sai da na girma na lura cewa a tatsuniyarta ƙaramar fata da ƙafarta ta tafi wurin ƙadangare. Tawa ba ta je ko'ina ba, ta sha wahalarta ta gama. Ni na ɗauke ta na kai.