Akwatin Yari Mai Hoto

Duk wanda ya yi aure ko suna tsakanin Isa da Sabon Birni a shekarun baya, da wuya bai tsaya gaban Yari mai hoto ba. Bagobiri ne haifaffen Sabon Birni, dogo, siriri, mai ɗan ɗingishi tun faɗuwar da ya yi daga kan jaki yana yaro. Ubansa manomi ne da ke gyaran rediyo ranar kasuwa, a wajensa Yari ya gaji son duk abin da ke da waya a cikinsa. Hoto kuwa wani Bayarabe da ya zauna a Isa ne ya koya masa, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Da mutumin ya tsufa ya koma garinsu, Yari ya riƙe shagon da ke kusa da tasha, ya auri Rahmatu 'yar Turba, ya zama mutumin Isa.

Yana da wani hali da abokan sana'a ke yi masa dariya a kai: ba ya share hoto. Ko wanda ya fito da ido rufe, ko wanda mai shi ya ƙi karɓa, sai ya ajiye. Tsofaffin fina-finan maigidansa ma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin kwamfuta. Da wayoyi masu kamara suka cika gari, ciniki ya ragu, sai ya ƙara da ɗaukar bidiyo, yana hawa babur zuwa Bafarawa da ƙauyukan bakin iyaka. Faya-fayan da yake tarawa suka cika kwali, zafi yana lanƙwasa wasu, ɓera yana fitsare wasu.

Taubashinsa Kalilu, wanda ke gyaran kwamfuta a Sakkwato, shi ya kawo masa mafita. Ya zo da wani baƙin akwati na hannu, bai fi burodi biyu girma ba, da 'yar fitila shuɗiya a goshinsa.

"Ga rumbu na kawo ma, bawana," in ji Kalilu, don wasan taubasantaka bai taɓa mutuwa tsakaninsu ba. "Duk tarkacenka shina shiga ciki. In munka haɗa shi da intanet, ko kana Bafarawa kana buɗa shi da wayarka. Mutanenka da ke cirani Ikko da Agadas su ɗauki hotunansu daga can."

Suka haɗa shi da batirin sola, suka sa masa kalmar sirri mai tsawo wadda Yari bai faɗa wa kowa ba, har Rahmatu. Kalilu ya ce ya kamata a sayi wani faifan dabam a riƙa kwafewa, saboda halin na'ura. Yari ya ce sai kaka, in an sayar da gero. Ya kwashe aikin rayuwarsa duka ya zuba a akwatin, ya zubar da faya-fayan da suka lalace, ya riƙa goge memori yana sake aiki da su.

Kakar da ya jira ba ta zo da komai ba. Ruwa ya yi latti, aka yi shuka ta tsiro ta ƙone, aka sake ta sake ƙonewa. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi, iska ta kwashe shi. Shekarar da ta biyo ta fi ta muni. Gulbi ya zama yashi tun kafin lokacinsa, mata suka koma dafa ganyen tafasa da ɗan garin dawa, shanu suka riƙa kwantawa bakin hanya ba sa tashi. Kan wannan kuma ga 'yan bindiga. Su ba su jira damina ba. Ƙauye bayan ƙauye aka watse, mutane suka shigo Isa da tabarmi da tukunya, suka cika makarantu da kangaye.

Biki ya ɗauke. Amma shagon Yari bai rabu da mutane ba, abin da ke kawo su ne ya sake. Mace za ta tsaya bakin ƙofa ta ce an ƙone ɗakinta da komai, ko yana da hoton mijinta na ranar sunan ɗansu? Yari ya tambayi gari da shekara, ya buɗe akwatin, ya lalubo. Sau da yawa yakan samu. Wasu su yi kuka, wasu su yi dariya su ce dubi yadda yake da ƙiba a lokacin. Bai cika karɓar ko sisi a kan irin wannan ba. Rahmatu takan yi ƙorafi da tukunya ta yi nisa da wuta, amma ita ce kuma ke turo masa matan Turba.

Shi kansa yana da abin da yake buɗewa in shago ya yi shiru. Wani ɗan bidiyo ne na mahaifiyarsa a Sabon Birni, tana sussuka tana yi masa faɗa ya kawar da wannan abu daga fuskarta. Ta rasu a farkon farin. Muryarta babu inda ta rage sai nan.

Wata safiya wani dattijon Bafillace mai suna Labbo ya yi sallama. Da can mai garke ne a dajin Bafarawa. Fari ya ci rabin shanun, ɓarayi suka kore sauran, suka kuma harbe ɗansa Ibrahima da ya bi sawu. Yanzu yana zaune a wata bukka bayan gari da matarsa Habi, wadda tun ranar ba ta cika magana ba.

"An ce kai ka ɗauki yarona hoto," in ji Labbo. "Ranar kasuwar Bafarawa, shekarar da anka yi ruwa da yawa. Shina riƙe da farin bijimi."

"Zamna, Baffa. Bari in diba."

Bai daɗe ba ya samo. Saurayi ne tsaye cikin rana, sanda a kafaɗa, hannu ɗaya bisa ƙahon bijimin, yana ƙoƙarin kada ya yi dariya. Labbo ya matso da fuskarsa har numfashinsa ya taɓa gilashin kwamfutar. Can ya ɗaga yatsa ya shafi wuyan bijimin, sa'an nan ya shafi na yaron.

"Uwatai nika son ta gani. Ba ta iya zowa nan. Ka sa man shi ga takarda."

Takardar hoto ta ƙare wa Yari tun makon da ya wuce, kuma motar da za ta kawo daga Sakkwato ba ta samu hanya ba. Wayar Labbo ƙarama ce, ba ta nuna hoto.

"Ka dawo ranar kasuwa, Baffa. Za ni buga ma babba, in sa mashi leda."

"Allah shi kai mu," in ji Labbo.

Takarda ta iso kafin ranar kasuwa. Da hantsi Yari ya buɗe shago, ya kunna kwamfuta don ya buga hoton tun kafin dattijon ya zo. Fitilar akwatin tana ci kamar kullum. Ya sa kalmar sirri, aka ce ba daidai ba. Ya sake a hankali, aka ce ba daidai ba. Ya kira Kalilu, wanda ya ce ya gwada kalmar da akwatin ke zuwa da ita daga kamfani. Ya gwada, ya buɗe. Ciki wayam, kamar ranar da aka ƙera shi. Babu Isa, babu Turba, babu shekara ko ɗaya.

Ya kashe ya kunna. Ya cire waya ya mayar. Ya duba ƙofar shago, kwaɗo lafiya lau, taga ba a taɓa ba, kamara na nan inda ya rataye ta. Ya naɗe akwatin cikin zanen Rahmatu, ya shiga motar Sakkwato, ya rungume shi a cinya duk tsawon hanyar, ana tsayawa a shingaye, kowa a motar yana duban daji ba ya magana.

Kalilu bai yi masa wasa ba ranar. Ya riga ya bincika, ya ce ba Yari kaɗai ba ne, masu irin wannan akwati a ƙasashe da yawa sun wayi gari haka.

"To wa ya ba su kalmar sirrina?" in ji Yari. "Ko matata ba ta san ta ba."

"Ba su bukace ta ba. Akwai manhajar da kamfani ya dasa cikin akwatin, ita ka tsaron ƙohwa. Aikinta in baƙo ya zo ta intanet ta tambaye shi abin da shika so. To tana da aibi. In mutum ya rubuta amsa, ya liƙa umurni ga wutsiyarta, sai ta haɗiye duka ta aikata, kamar kai maigida ka hwaɗa. Ba ta rarrabe magana da umurni. Wani ya zamna can inda shike ya ce mata ta share komi, ta share."

"Kamfanin ba su sani ba?"

"An daɗe da sani. Sun bar gyaran wanga samfuri da daɗewa, sun ce ya tsuhwa." Kalilu ya sunkuyar da kai. "Ni ma ban bi labarin ba. Da na sani da na ce ka cire shi daga intanet."

"Mi na yi ma mutumin?"

"Bai san ka ba, Yari. Bai san akwai wani gari Isa ba. Na'ura ya saki tana bin duniya tana ƙwanƙwasa ƙohohi, wadda ta buɗe ta shiga."

Kalilu ya ciro faifan da ke cikin akwatin ya yi kwanaki yana tatsar abin da zai tatsu. Ashe tun kafin sharewar wasu masu kutsen sun daɗe a ciki, suna amfani da akwatin wajen aikinsu, suna danne abin da ke ciki da nasu tarkacen. Abin da ya dawo kaɗan ne, ba suna, ba shekara, a cakuɗe. Wasu hotunan rabi fuska rabi toka. Yari ya zauna ya bi su har idonsa ya yi ja. Ya ga amaren da ya manta, ya ga wani ɗan siyasa yana raba buhuna, ya ga raguna. Bai ga farin bijimi ba. Bidiyo kuwa ko ɗaya bai buɗe ba.

Da ya koma Isa, Rahmatu ta ce dattijon ya zo ranar kasuwa ya wuni bakin shago, ya kuma sake zuwa. Yari bai jira zuwa na uku ba, ya nemi bukkar da kansa. Ya durƙusa ya gaida Labbo, ya faɗa masa yadda ya iya: wani daga nesa ya ba akwatin umurni, akwatin ya bi.

Labbo ya saurara har ƙarshe. "Daga wace ƙasa?"

"Ba a sani ba, Baffa."

"Ya ɗauka ya kai gida nai?"

"A'a. Sharewa kawai ya yi."

Dattijon ya jinjina kai. "Waɗanda sunka kore shanuna, sun taka da ƙahwassu sun zo, na ga idonsu. Kuma nama sunka so." Ya juya wajen bukkar. "Na riga na hwaɗa mata za ta gan shi. Kai ka gani da idonka, kai ka ɗauka. Shiga ka gaya mata yadda shike."

Yari ya so ya ce ba zai iya ba, amma ya cire takalmi ya sunkuya ya shiga. Habi na zaune kan buhu, ta rame har zoben hannunta na yawo. Ya gaishe ta, ta amsa da kai. Ya fara da rana, ya ce hantsi ne, kasuwa ta cika. Ya ce yaron na sanye da riga mai ruwan bula, sanda a kafaɗa, malafa ta zame masa baya. Ya ce ya hana shi dariya don hoton ya yi kyau, shi kuwa dariyar na neman ƙwace masa, har kumatunsa ya lotsa gefe guda.

"Na hagu," in ji Habi. Muryarta ta dushe don rashin amfani.

"Na hagu, Inna."

"Bijimin fa? Ya tsaya mashi?"

"Ya tsaya cik. Hannunshi na bisa ƙaho."

"Ba shi tsayawa ma kowa sai shi." Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Sake hwaɗi daga farko."

Ya sake. Da ya fito, Labbo ya raka shi har bakin hanya, bai yi masa godiya ba, bai kuma zarge shi ba. Bayan 'yan makonni aka ce sun tsallaka Nijar wajen dangin matar. Yari bai ƙara jin labarinsu ba.

Damina ta gaba ma ba ta yi kirki ba, hanyar Bafarawa kuma ta gagari babur. Yari ya rufe shagon, ya kwashi Rahmatu da yara suka koma Sakkwato, ɗaki guda a gidan su Kalilu. Yanzu yana zama ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro kusa da wani ofishi, da farin ƙyalle da kujera, yana ɗaukar hoton fasfo. Ya yi furfura da wuri, ya kuma rage magana.

Lambar wayarsa ba ta sake ba, kuma har yau akwai waɗanda labarin sharewar bai kai gare su ba. Wani lokaci yana tsakiyar aiki sai ta yi ƙara: wata mata daga sansanin gudun hijira, ko wani saurayi daga Ikko, an ce musu mai hoto na Isa yana da fuskar babansu. Rahmatu ta sha ce masa ya canza layi ya huta. Bai canza ba. Yakan nemi mai fasfo ya ɗan dakata, ya koma gefe, ya tambayi gari da shekara da irin kayan da mutumin ya sa. Sa'an nan ya ce zai duba cikin ɗan abin da ya tsira, amma kada su sa rai.