Malam Kunne, Mai Juya Wa Ramin Tsalle Baya

Ina ɗaure igiyar takalmi da safen nan waya ta shigo daga Ikara. Malam Shu'aibu ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Har yanzu takalmi ɗaya ne a ƙafata.

Waɗanda muka yi sakandare tare za su fi gane shi da Malam Kunne. Shi ne malaminmu na wasanni, kuma shi ne dalilin da ya sa na gama makaranta.

Lokacin mulkin soja ne, zamanin tsuke bakin aljihu. Aka ce makaranta ba za ta iya ci gaba da ciyar da 'yan kwana ba, sai 'yan kaɗan da ke wakiltarta a wasanni. Ni daga Likoro nake, ba ni da kowa a Ikara. Babana bai ja magana ba, ya ce in an rufe ɗakin kwana in tattaro akwatina, ga gonar dawa tana jira.

Malam ya dubi dogayen ƙafafuna ya ce zai gwada ni a tsalle uku: ka sheƙo a guje, ka yi ɗingishi ka dira a ƙafar da ka tashi da ita, ka taka da ɗayar, sannan ka faɗa rami. In na yi nasara a gasar shiyya a Makarfi, na zauna.

Na yi dariya a raina. Ni da ba a taɓa kayar da ni a langa ba duk unguwarmu?

Ashe langar ce matsalata. Ɗan langa sama yake tashi don a gan shi. Sai in yi tsallen farko har ana tafi, in dira da ƙarfi, gwiwa ta lanƙwashe, gudun ya mutu. Taku na biyu ya zama abin tausayi, na uku ko ramin ba na kaiwa.

Ramin ma ba yashi. Ƙaiƙayi muke ɗebowa daga masussuka mu zuba, mu kwana muna susa.

Abin da ya fi ba ni haushi, Malam ba ya kallo. Da ka taso sai ya juya baya ya sunkuyar da kai. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Malam, ai ba ka gani ba!"

Ya ce, "Na ji. Tim, shiru, tif-tif. Wannan faɗuwa ce mai hawa uku."

Ya ja ni bayan makaranta, inda wasu mata uku ke lugude a turmi ɗaya. Muka tsaya daga nesa. Ya ce in saurara, ba taɓaryar da ke jiran 'yar'uwarta, ba wadda ke riga. Haka yake so ya ji ƙafafuna.

A hanyar dawowa ya yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa ɗalibaina. Nisa daga gudu yake fitowa, kuma duk dirar da ka yi ƙasa tana ƙwace wani abu daga gudun. In ka tashi sama sosai, ka dawo da nauyin da gwiwa ba za ta ɗauka ba. In ka miƙa ƙafa can gabanka, ka taka wa kanka birki. Tafin ƙafa ya sauka gaba ɗaya a ƙarƙashin jikinka, ya shari ƙasa baya kamar kaza na tono.

Bayan kowane atisaye yana da ƙullin gyaɗa da rogo a aljihun jakarsa. Yakan miƙo mini ya ce shi ya ƙoshi. Sai da na girma na san malamai ma a lokacin albashi ba ya zuwa a kan kari.

Ranar Makarfi, da na ga taro, langa ta dawo. Gwaji biyu na farko na tashi sama, aka yi ihu, na lalace a tsakiya. Na zauna ina hango gonar dawa.

Malam ya tsuguna kusa da ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗan Likoro, ba sama muka zo ba, gaba muka zo." Ya tashi ya je bakin rami, ya juya wa duk taron baya.

Na sheƙo. Tim, tim, tim.

Kafin a kawo igiyar awo ya riga ya ɗaga hannu sama, bai ko waiwayo ba. Akwatina bai bar Ikara ba sai da na gama.

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce na je gaishe shi. Idanun sun tafi, yana zaune a zaure a kan buzu. Ban gama sallama ba ya ce, "Ɗan Likoro, har yanzu hagun nan ta fi dama nauyi."

Na durƙusa na ce, "Malam, tsufa ne."

Ya ce, "Ƙarya kake, tun kana yaro haka take." Muka yi ta dariya. Ya tambaye ni ko ina kallon yaran da nake koya wa. Na ce ina kallo. Ya girgiza kai ya ce ido yana son abin burgewa, in riƙa saurare.

Na yi kewarsa tun kafin a kai shi makwanci. Anjima ina da atisaye da yara, kuma yau zan juya musu baya. Dama ba na so su ga fuskata.

Allah Ya gafarta wa Malam Shu'aibu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa gyaɗar nan da rogon su tarye shi a mizani. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko bai san shi ba.